Littafin yara kan rayuwar mai zane: Pikaso ko Matis, shafi nawa, hotuna daga ina?

Wata malamar firamare daga Tawa ta rubuto tana cewa: "Ƴan ajin CE2 nake koyarwa. Ina son in rubuta musu ɗan littafi da Hausa, mai hotuna, kan rayuwar Pikaso, don su san akwai mutanen da zane ne sana'arsu. Shafi nawa ya dace? Me zan sa, me zan bari? Kuma zan iya ɗauko hotunan daga intanet in kai a buga?"

Malama, sannu da wannan niyya, Allah ya cika miki buri. Kafin a zo maganar shafi, ga shawarar da za ta rage miki rabin wahala: ki ajiye Pikaso tukuna, ki fara da Henri Matisse, wanda ake furta sunansa Anri Matis.

Dalilin farko na doka ne. Pikaso ya rasu a 1973, kuma a Faransa da yawancin ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin aikin mai fasaha yana hannun magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan zanensa ba zai saku a can ba sai ƙarshen 2043, magadan kuwa suna da ofishin da ke bin haƙƙin sau da ƙafa. Matis ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1954, aikinsa ya zama na kowa a can tun 1 ga Janairu 2025. Abin da aka buga aka rarraba a cikin gida dokar Nijar ce ke hukunci a kansa, shi ya sa ya kamata ki leƙa ofishin BNDA da ke kula da haƙƙin mawallafa a Yamai kafin ki kai aiki maɗaba'a. Amma littafin da aka ɗora a intanet ba ya tsayawa a kan iyaka, gara tun farko a zaɓi wanda ba shi da rigima. Dalili na biyu ya fi nauyi a wajen yaro. Shekarunsa na ƙarshe Matis da almakashi da takarda mai launi ya yi su, abin da ɗan CE2 zai iya gwadawa a ranar da ya rufe littafin.

Babban kuskuren masu rubuta tarihin mutum domin yara shi ne su ɗauko rayuwar gaba ɗaya su matse ta: an haife shi shekara kaza, ya yi karatu wuri kaza, ya yi aure, ya shahara, ya mutu. Wannan darasi ne na hadda, yaro ba zai nemi a sake karanta masa ba. Zare guda ake kamawa a bi shi daga bango zuwa bango, duk abin da bai hau zaren ba a tura shi shafukan ƙarshe ko a bar shi. A rayuwar Matis zaren a fili yake: sau biyu ciwo ya kwantar da shi, kuma kowane karo daga kan gadon ya tashi da sabuwar hanyar aiki.

An haife shi ranar 31 ga Disamba 1869 a arewacin Faransa, ya tashi a Bohain, garin masaƙa, inda iyayensa ke da shagon hatsi da iri, mahaifiyarsa kuma tana kula da ɓangaren fentin gida. Ya karanta shari'a a Paris, ya dawo ya zama magatakarda a ofishin lauya a Saint-Quentin. Yana wajen shekara ashirin ciwon ciki ya kwantar da shi, mahaifiyarsa ta kawo masa akwatin launuka don ya rage zaman kaɗaici, daga nan ya bar aikin lauya duk da mahaifinsa bai so ba. A 1905 ya nuna hoton matarsa sanye da babbar hula, fuskarta da tsanwa da rawaya, wani mai sharhi ya kira su, shi da abokansa, namun daji, sunan ya bi su. Ya je Biskra ta Aljeriya a 1906, ya ga babban baje kolin fasahar Musulunci a Munik ta Jamus a 1910, ya zauna a Tanja ta Maroko sau biyu tsakanin 1912 da 1913. A Janairun 1941 aka yi masa babbar tiyata a Liyon, bayanta mafi yawan lokacinsa a gado ko keken marasa lafiya yake. Mataimakansa su shafa wa manyan takardu launi, shi ya yanka da almakashi, ya nuna musu inda za su kafa kowane yanki a bango da allura. Idan yana son ya zana a bango ko a rufin ɗaki, sai ya ɗaura gawayi a kan doguwar gora ya miƙa daga inda yake kwance. Da wannan gorar kaɗai kin sami shafin da yara za su daɗe suna kallo.

Littafin yara mai hotuna shafi 32 ne a al'ada, kuma ba ra'ayi ba ne, lissafin takarda ne. Kowace takarda da aka ninka biyu shafi huɗu take bayarwa, takwas su ba da 32. Idan kika rubuta shafi 30 ko 33, mai maɗaba'a zai cika miki da fararen shafuka ki biya kuɗinsu. Shafi na 1 na suna ne, na 2 na bayanin haƙƙi da shekarar bugu, na 3 hoton buɗewa. Labarin ya kama daga 4 zuwa 27, wato buɗi goma sha biyu, kowane buɗi shafin hagu da na dama a haɗe. Shafi na 28 da 29 aikin hannu, 30 da 31 jerin shekaru da sunayen zanensa na gaskiya, 32 ƴar wasiƙa ga iyaye da malamai.

Buɗi goma sha biyun nan kada ki raba su daidai da tsawon shekarun. Biyu sun isa ƙuruciya, biyu ofishin lauya da ciwon farko, biyu koyon sana'a da talauci da dariyar da aka yi masa a 1905, biyu Maroko. Huɗun da suka rage duka na almakashi ne, ko da yake shekaru goma sha uku kacal suka ƙunsa cikin tamanin da huɗu. Akwai wata dabara a nan. A littafin da aka ɗinke ta tsakiya, shafi na 16 da 17 takarda ɗaya ce ba haɗi, don haka nan ne kaɗai hoto zai ratsa daga hagu zuwa dama ba tare da tsoron gocewa ba. A wannan tsari buɗi na bakwai ke faɗawa nan, wato isarsa Tanja. Da ya isa karon farko ruwan sama ya tsare shi a masauki kwana da kwanaki. Ki ƙare shafi na 15 da shirin tafiya, yaro ya juya ya tarar da taga a buɗe, ruwa ya ɗauke, gari shuɗi har bakin teku. Duk abin da kike son ya ba yaro mamaki ki ɓoye shi bayan juyin shafi, tambayar ta zauna a ƙasan shafin dama.

Kalmomi 600 zuwa 800 sun wadatar wa ƴan CE2, wato kamar hamsin ko sittin a kowane buɗi, wasu buɗin ma layi ɗaya. Idan ƴan CP ne, ki rage zuwa rabi. Abin da hoto ya riga ya nuna kada rubutu ya maimaita. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "An haifi Henri Matisse a shekarar 1869 a arewacin ƙasar Faransa, a yankin da ya shahara da masana'antun saƙa." Na biyu: "Garin su Matis garin masaƙa ne. Sama toka-toka, bututu na ta hayaƙi. Amma leƙa ɗakin saƙa ka gani! Ja, shuɗi, ruwan goro, duk a kan zare." Bayani ɗaya ne, na biyun ne bakin malami zai ji daɗin faɗa. Ki riƙa karanta kowane layi da ƙarfi kafin ki amince da shi.

Hausar kanta tana da tarko biyu uku a wannan fanni. "Mai zane" yaro zai iya ɗauka mai sayar da zanen ɗaurawa ne, "mai fenti" kuma wanda ke shafe bangon gida. Ki warware wannan a buɗi na farko da jimla ɗaya, misali mai zana hotuna da launi, daga nan "mai zane" ya isa. Sunayen launi ma ki tsai da guda: idan kin ce tsanwa, kada a shafi na gaba ki ce kore, idan rawaya, kada ta koma ruwan ɗorawa. Bakin Adar yana da nasa daɗi, amma a rubuce ki bi ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a Nijar a 1999, mai harafin ƴ, don littafin ya karantu a Maraɗi da Damagaram da Dogon Dutsi. Malamin da ke karantawa zai mayar da shi bakin garinsu da kansa. A cikin labari ki rubuta Matis yadda yaro zai iya furtawa, a shafi na 30 ki ba da Henri Matisse yadda yake a asali, domin wanda zai nema gaba.

Kada ki sa masa magana a baki wadda bai faɗa ba. Wannan tarihi ne, ko da na yara ne, kuma abin da yaro ya karanta yana shekara takwas da shi zai girma. Za ki iya cewa ya ji daɗi, ya gaji, ya yi fushi da ruwan Tanja, domin wasiƙunsa sun nuna haka. Za ki iya cewa shi da kansa ya kira aikin ƙarshen nan zane da almakashi. Hira tsakaninsa da mahaifiyarsa a bakin gado kuwa, in kin ƙaga ta, dole ki faɗa a shafi na 32 cewa ƙagawa ce. Haka kuma kada a sa masa babbar riga ko a mayar da Bohain ta zama ƙauyen Adar don yara su saba. A bar masa dusar ƙanƙararsa da gemunsa da tabarau. Gadar da za ta haɗa shi da yaran tana cikin rayuwarsa: jikan masaƙa ne, ya tara yadudduka duk inda ya je, har da saƙar mutanen Kuba na Kwango da ya rataya a ɗakinsa. Yaron da ya san adon tabarma, da ɗinkin wuyan riga, da zanen ƙwarya, da adon da magina ke yi a fuskar soro, ya riga ya san rabin abin da Matis ke nema.

Hotunan littafin iri biyu ne, kuma dole yaro ya iya bambanta su. Akwai waɗanda ke ba da labari, da ke ko wani mai zane na gida za ku yi. Akwai kuma aikin Matis na gaskiya, uku ko huɗu sun isa, kowanne da farin gefe kewaye da shi, a ƙasa sunansa da shekara da inda yake ajiye. Waɗanda suka dace da ajinki: tagar da ya zana a garin Collioure na kudancin Faransa a 1905, jajayen kifaye cikin tulun gilashi na 1912, damin ganyaye na 1953, da katantanwa ta 1953 da ke gidan ajiye zane na Tate a Landan, wadda kowane gefenta ya kusa mita uku. Kada ki yanke gefen ko ɗaya, kada ki canza launi, kada ki ɗora rubutu a kai. Ƙarewar wa'adin kuɗi bai ba kowa izinin ɓata aikin ba.

Nan akwai maganar da gara a faɗe ta a fili. Matis ya zana mata marasa sutura da yawa, wasu daga cikin shahararrun aikinsa ma haka suke. Ba su da wuri a littafinki, kuma rashinsu ba zai rage labarin da komai ba. Sai dai ki rubuta wa iyaye a shafi na 32 cewa idan aka nemi sunansa a waya za a ci karo da su, don babba ya riƙe wayar. Idan uba ya gano haka da kansa bayan ya saya, littafin ya fita daga gidan ke nan. Akwai kuma iyayen da ba su son hoton mai rai. Salon yankan takarda yana sauƙaƙa wannan, domin ana iya nuna mutum ta baya, ko hannu da almakashi kawai, ko siffa ba ido ba baki, sauran shafin ya cika da ganye da taga da adon yadi.

Batun ɗauko hoto daga intanet, matsalarsa biyu. Ta farko, hoton da aka ɗauki Matis kansa da kyamara na mai ɗaukar ne. Wanda aka fi yaɗawa, yana zaune da farar tantabara a hannu, Henri Cartier-Bresson ne ya ɗauka, shi kuwa a 2004 ya rasu, don haka ba a taɓa shi sai da izini. Ku zana shi da kanku. Hoton zanen ma, gidan da ke ajiye da shi yakan gindaya sharaɗi a kan fayil ɗinsa, ki karanta kafin ki sauke. Ta biyu ita ce girma. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kamar 118 a santimita. Hoton da faɗinsa ɗigo 800 ne, wanda ke cika fuskar waya tsaf, a takarda bai kai santimita 7 ba, in aka ja shi ya cika shafi sai ya dushe. Kuma duk hoton da za ki aika wa mai maɗaba'a ta WhatsApp ki aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Girman littafin ki sa santimita 20 a kan 20. Mutane da yawa 21 suke zaɓa, sai daga baya su gane cewa buɗi guda da rarar milimita 3 da ake bari a kowane gefe don wuƙar yanka ya kai 42.6, ya wuce takardar A3 da injin ɗaukar hotonta. Da 20, buɗin 40.6 ne, ya shiga. Ki yi hotunan daidai wannan girma, launin ya malala har cikin rarar, in ba haka ba farin layi zai fito a bakin shafi. Rubutu da fuskar mutum su yi nesa da gefe da kuma tsakiyar ninki da aƙalla santimita ɗaya da rabi, domin takardun ciki suna turowa waje da milimita ɗaya ko biyu, wuƙa kuma ta ci.

Yin hotunan kansa ba ya son kaya masu tsada. Farar takardar zane mai nauyin giram 120 zuwa 160, launin guwash (fenti mai kauri da ake damawa da ruwa) kala shida, faffaɗan buroshi, almakashi mai kaifi. A dama launin ya yi kaurin kunu, a shafa ta fuska ɗaya. Lokacin hunturu iska na busar da shi kafin buroshi ya kai ƙarshen takarda, sai ya bar tabo, don haka a yi da sassafe a ɗaki rufe. Ƴan layukan buroshi ba aibi ba ne, a aikin Matis ma ana ganinsu. Kowace kala ki shafa takarda goma a zama ɗaya, domin in shuɗin ya ƙare a shafi na 20 ba za ki sake dama irinsa daidai ba. Su bushe, a danne su da littattafai kwana guda. A yanka, a jera, a ɗauki hoto da waya, a sake jerawa, sai an gamsu kafin a manna. Ƙaro yana mannawa amma in ya tsatso gefe yana barin ƙyalli da injin ɗaukar hoto ke kamawa, don haka a shafa shi siriri a tsakiyar yanki.

A wajen harafi ne littattafan Hausa suka fi lalacewa. Yawancin haruffan ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo su fito ƙanana ko karkace, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsu. Salon harafin da ake kira Andika kyauta ne, an ƙera shi domin masu koyon karatu, yana da su duka manya da ƙanana. Girma 16 zuwa 18, baƙi a kan fari ko launi mai haske. Ki kai aikin a PDF da harafin a cikinsa, kada ki kai fayil ɗin da za a buɗe a wata kwamfuta ya sauya. Ki gaya wa mai maɗaba'a rubutun da baƙar tawada kaɗai za a buga, domin in aka haɗa shi da kala huɗu, gocewar gashi guda ta isa ta sa haruffa su yi inuwa.

Shuɗin Matis da ruwan goronsa za su ragu a takarda. Fuskar kwamfuta da haske take nuna launi, injin bugu da tawada huɗu, kuma shuɗi mai zurfi yakan karkata ya yi shunayya. Kada ki sa hannu a buga duka sai an fitar miki da kwafin gwaji a kan takardar da za a yi aikin da ita, ki duba shi a inuwa da rana tsaka. Takardar ciki mai santsi marar ƙyalli giram 150, bango giram 300 da leda a kai. Ɗaurin da aka yi da gam kaɗai zafin Afrilu da Mayu yana saki, shafuka su zube. Ɗaurin wayar ƙarfe biyu a tsakiyar ninki ya fi shi, ɗinkin zare ya fi duka, domin waya na tsatsa da damina. Ki nemi farashin kwafi 100, da 300, da 1,000 a rubuce: ƙaramin adadi injin dijital ya fi araha, babba kuwa injin faranti, tunda kuɗin farantin sau ɗaya ake biya.

Kafin duk wannan kashe kuɗi, ki ninka fararen takardu takwas, ki manna rubutun, ki yi zanen gaggawa da fensir, ki ba wata malama ta karanta wa yara goma ke kina gefe kina kallon fuskokinsu. Inda ido ya bar littafi, shafin nan ya yi tsawo. Washegari ki ce su ba ki labarin. In sun tuna akwatin launuka da gorar gawayi da almakashi, zaren ya kama. In aji ya yi yawa, ki buga kwafi ɗaya babba a A3 na riƙewa a gaban allo.

Shafin aikin hannu ki rubuta shi da kayan da ke hannun yara: kwalin shayi, kwalin sabulu, bangon tsohon kaye, ƙyallayen da tela ke zubarwa. Kowane yaro ya zaɓi kala biyar ko shida, ya yanka ko ya yaga gunduwa goma ba tare da ya fara zana layi da fensir ba, ya jera su suna kewayawa kamar bayan katantanwa, ya matsa wannan ya juya wancan kafin ya manna. Almakashin ya zama mai dunƙulen baki, ɗaya ga yara huɗu ya isa, tunda rabin lokacin a jerawa yake tafiya.